Uba a Gidan Ɗansa: Maigida Ne Ko Baƙo?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya sada zumunci sanadin yalwar arziki da albarkar kwana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu albarka, akwai wata mas'ala da kakanninmu ba su cika buƙatar tambayarta ba, mu kuwa ta zame mana ta kullum. A da, ɗa yana yin aure ne a cikin gidan ubansa. A yanka masa sashe, a gina masa ɗaki, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, zaure ɗaya. Uba ba ya kai wa ɗansa ziyara, tunda tare suke fita sallar asuba. Yau ɗan yana Yamai yana aikin gwamnati, ko yana Agadas yana kasuwanci, ɗiyar an kai ta Tawa, tsoho da tsohuwa suna Maraɗi ko Tasawa ko Damagaram. Idan kewar jikoki ta kama su, sai ɗayansu ya ɗaure tsarabar kilishi da ƙuli-ƙuli, ya shiga mota, ya je ya yi Asabar da Lahadi, Litinin ya kamo hanya. To, sa'ad da ya sauka ya tsaya a ƙofar gidan hayar nan mai ɗaki biyu da falo, a matsayin me ya tsaya? Maigida ne da ya zo ɗaya daga cikin gidajensa, ko baƙo ne da ya zo gidan wani?

Kafin mu kai ƙofar, akwai waɗanda ba su ma yarda a kama hanyar ba. Za ka ji dattijo yana cewa: "Ni zan bi shi? Ni na haife shi ko shi ya haife ni?" A cikin maganarsa akwai gaskiya, domin wajibin ziyara ya fi nauyi a wuyan ɗa, kuma ɗan da ya shekara bai leƙo iyayensa ba alhali yana da hali, ba wanda zai wanke shi. Amma a duba lissafin da idon rahama. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram ya kusa 900. Ma'aikacin da kwana biyu ne hutunsa a mako, in zai zo da mata da ƴaƴa huɗu, kujera shida zai biya, kuma yini biyun duk a kan hanya za su ƙare. Tsoho kujera ɗaya ta ishe shi, kuma bayan an gama girbi ba mai rubuta masa fashin aiki. Abin mamaki, za ka ga mutum ya tashi daga Madawa ya ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya je Kiota Mauludi, ya sha rana da cunkoso da daɗin rai, amma ƴar ragowar tafiyar da za ta kai shi ga jikokinsa a Yamai ta gagare shi, wai girmansa zai zube. Ziyarar bayin Allah alheri ce babba, ba mai musu. Sai dai wanda muke zuwa Mauludinsa (S.A.W) shi da kansa yakan taka zuwa ɗakin ɗiyarsa Nana Faɗima (R.A). Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa idan ta shigo wurinsa yakan miƙe mata ya zaunar da ita a mazauninsa, idan ya shiga wurinta ita ma haka take yi masa. Kowa yana zuwa wurin kowa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ba su ce ƙafar yaro kaɗai ba.

Mu koma ƙofar gidan. Masu cewa uba maigida ne a gidan ɗansa suna da hujja mai ƙarfi. A Suratun Nur, aya ta 61, Allah Ya lissafa gidajen da babu laifi mutum ya ci abinci a cikinsu: nasa, da na iyayensa maza da mata, da na ƴan'uwa, da na baffanni da gwaggwanni da kawunnai da innoni, har da na aboki. Ka karanta jerin da kyau, ba za ka ga gidan ƴaƴa ba. Malaman tafsiri suka ce ba a ware shi ba ne domin ya riga ya shiga cikin gidan mutum na kansa. Ga kuma hadisin da ya jingina ɗa da dukiyarsa ga mahaifinsa, wanda ko tsohon da bai yi nisa a karatu ba ya haddace shi tsaf, musamman a ƙarshen wata.

Amma a cikin wannan sura ɗin, aya ta 27, aka hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini da sallama, kuma wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san neman izini wajibi ne, sau uku, in ba a ba ka ba ka juya. A cikin Muwaɗɗa Malik akwai mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W) ko zai nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, alhali gida ɗaya suke kuma shi ke yi mata hidima, aka ce masa ya nema. Idan tsakanin ɗa da uwar da ta haife shi akwai labule, ina ga ɗakin da akwai matar wani a ciki? Hadisin dukiya kuwa, mafi yawan malamai, har da Imamu Malik, sun ɗauke shi a kan buƙata: uba mabuƙaci yana da haƙƙin ɗansa ya ciyar da shi. Ba su ɗauke shi a kan mallaka ba. Daga cikin dalilansu akwai rabon gado, domin idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da uba, sudusi ake ba uban. Da dukiyar tasa ce tun farko, me za a raba?

Ni abin da na fahimta, kuma Allah ne mafi sani, shi ne maganganun biyu duka gaskiya ne, amma kowace da kunnen da ya kamata ya riƙe ta. Ɗa ya riƙe ta farko: gidan nan na Baba ne, in ya zo ba a tambayarsa yaushe zai koma, ba a ɗora masa ido a kan kwano, shimfiɗar da ta fi kyau tasa ce. Uba ya riƙe ta biyu: gidan nan an gina shi da aure da sirri da tsarin da ban san kansa ba, na zo ne a matsayin baƙo. Rigima tana tashi ne idan aka yi musayar kunne, uba ya shigo da hujjar cewa gidansa ne, ɗa ko matarsa suka tare shi da hujjar cewa baƙo ne. Wannan kuwa tsohon darasi ne a wurin mutanen tarbiyya, cewa murid ya shagala da haƙƙin da ke kansa, ya bar bin bashin haƙƙin da yake bi.

Faɗar haka da sauƙi. Yinsa ne ke da wuya, kuma ina ganin ladabin ziyarar ɗa ya fi ladabin ziyarar shehu wuya a kan zuciya. A gaban shehu rai ya riga ya sallama, mutum yana cire takalmi tun daga nesa, yana sassauta murya, abin da aka ba shi ya karɓa. A gidan ɗa kuwa rai yana shiga ne da takardar shaida a hannu: ni na yi masa suna, ni na sayar da akuya na kai shi lekol, ni na biya sadakin matar nan. Duk gaskiya ne. Shi ya sa ya fi haɗari, don son zuciyar da ya sami gaskiya ya jingina da ita ba ya saurin kamuwa. Shehu Suhrawardi, mai littafin Awariful Ma'arif, wanda ya rasu a shekara ta 632 bayan Hijira, ya kwatanta zaman murid da shehunsa da lokacin shayarwa da lokacin yaye. Malamin da ya ƙi yaye almajirinsa bayan ya isa, ya cuce shi. Uwaye mata sun san yayen nono, sun san kukan kwana uku da ke biyo bayansa. Akwai yaye na biyu da ke zuwa bayan shekara ashirin ko talatin, kuma a wannan karon mai kukan ba yaron ba ne.

Dubi yadda abin ke faruwa a cikin kwana biyun nan. Tsoho ya tashi da asuba ya yi wuridinsa, gari ya waye, ba fura ba koko, sai burodi da shayi. Jikoki suna yi wa uwarsu Zabarmanci, suna yi wa ubansu Faransanci, Hausarsu kuwa sai a hankali. Surukar tana aiki, tana da babur, ranar Asabar ma ta fita ta dawo. An kai yaro likita saboda zazzaɓin da a ƙauye saɓara da addu'a za a fara yi masa. Ɗan yana shawara da matarsa a kan abin da shi tsohon bai taɓa shawara da tasa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sosa masa rai, harshe yana ƙaiƙayi. A nan ne ake buƙatar ilimin da ya fi wuyar samu, wato rarrabe abin da Allah Ya hana da abin da ni dai ban saba da shi ba. Da yawa daga cikin faɗan da iyaye ke yi a gidan ƴaƴansu da sunan addini, in ka tone shi, sabo ne aka yi wa rawani. Burodi ba saɓo ba ne. Shawara da mata ba rauni ba ne, Annabi (S.A.W) ya karɓi shawarar Ummu Salama (R.A) a Hudaibiyya a ranar da al'amari ya yi tsanani. Jikan da bai iya Hausa ba, magani shi ne kakansa ya zaunar da shi ya yi masa tatsuniya, ya tsokane shi da wasan kakanni, ba ya tsare uwarsa da tuhuma ba.

Wani zai ce: to ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shin sai uba ya zuba ido gida na lalacewa don a ce yana da ladabi? A'a. Idan ya ga asuba ta wuce ɗansa yana barci jiya da yau, ko ya ga alamar duka a jikin ɗiyarsa, ko ya gane kuɗin da ke shigowa gidan ba na halal ba ne, shiru a nan ba ladabi ba ne, sakaci ne da amana. Amma ko a nan akwai hanya. Da ɗansa zai yi magana, su biyu, a kan hanyar masallaci ko bayan isha'i, ba a gaban mata da ƴaƴa ba. Magidancin da aka tsawata wa a gaban iyalinsa, ko ya gyara abin da aka faɗa, an ɓata masa wani abin da ya fi shi wuyar gyara. Kuma abin da ido ya gani da kansa ake magana a kai. Buɗe tukunya, da leƙa ɗaki, da jan jika gefe ana tambayarsa me Baba da Mama suke cewa da dare, wannan shi ne binciken asiri da Suratul Hujurat ta hana a aya ta 12, kuma ayar ba ta ware iyaye ba.

Bukhari da Muslim sun kawo wata ziyara da ta ishe mu misali. Annabi (S.A.W) ya zo ɗakin Nana Faɗima bai tarar da Sayyidina Ali (R.A) ba. Ya tambaye ta inda yake, ta gaya masa wani abu ya shiga tsakaninsu, ya yi fushi ya fita, bai yi ƙailula a gida ba. Ka tsaya nan, ya ɗan'uwa, ka sa kanka a wurin. Ɗiyarka ce, wadda ka fi so, ta ce maka sun saɓa da mijinta. Mu da me za mu fara? Da "me ya yi miki?" Ruwayar ba ta kawo cewa ya tambayi dalilin saɓanin ba. Ya sa aka nemo inda Ali yake, aka ce yana kwance a masallaci. Ya tafi da kansa, ya tarar mayafinsa ya zame, ƙasa ta taɓa jikinsa, ya riƙa share masa ƙasar yana kiransa Abu Turab, wato mai ƙasa, yana cewa ya tashi. Sunan nan ya zama wanda Ali ya fi so a kira shi da shi. Masu sharhi sun lura har da yadda ya yi tambayar tun farko: ya kira Ali da ɗan baffanta, bai ce mijinta ba, don ya tuna mata da zumuncin da ke ƙarƙashin auren. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma mafi yawan saɓanin ma'aurata da kansa yake mutuwa in ba a sami mai ba shi ruwa ba.

Na san akwai ƙissar da wasu iyaye suka fi so, ta Annabi Ibrahim (A.S) da ya je Makka wurin ɗansa Annabi Isma'il (A.S) bai same shi ba, ya tambayi matarsa zamansu, ta yi ƙorafin ƙunci da wahala, ya bar saƙo a canza dokin ƙofa, Isma'il ya gane ya sallame ta. Ƙissar tana cikin Bukhari, ba mai ja da ita. Amma wanda zai ɗauke ta ya ɗauke ta duka. Ya koma karo na biyu, matar ta yi godiya ga Allah a kan nama da ruwa, ya yi musu addu'ar albarka, ya ce a riƙe dokin ƙofar. Karo na uku ya tarar da ɗansa yana gyaran kibiya kusa da Zamzam, ya gaya masa umarnin da Allah Ya ba shi, ya tambaye shi ko zai taimake shi, alhali aikin ginin Ɗakin Allah ne. Sannan shi Annabi ne, Badaɗin Allah, ba ya hukunci don an ƙi yi masa tuwon da yake so. An ruwaito cewa wani ya zo wa Imamu Ahmad yana cewa ubansa ya umarce shi ya saki matarsa, ya ce kada ya saka. Mutumin ya kawo hujja da Sayyidina Umar da ya umarci ɗansa Abdullahi da haka, Imamu Ahmad ya nuna masa cewa sai in ubansa ya kai Umar. Uwar mijin da ta je kwana biyu ta dawo da hukuncin saki a bakinta, ta auna kanta da wannan ma'auni kafin ta furta.

Yanzu ga wurin da na fi jin tsoro, kuma shi ne wanda ba a cika wa'azi a kansa ba: dawowa. Tsoho ko tsohuwa sun sauka a tasha, an shigo gida, maƙwabta da dangi sun cika tsakar gida da barka da dawowa. "Yaya kuka baro su?" Wannan tambaya ƙofa ce, kuma abin da aka gani a gidan ɗa amana ne, domin ba a ɓoye maka komai ba saboda kai ne. Ana cin amanar ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta: matar ba ta iya girki ba, ta mallake shi, ƴaƴan ba tarbiyya. Giba ce tsantsa, kuma a zamanin WhatsApp kafin magariba saƙon murya ya kai Yamai, wata gwaggo ta tura wa wata, surukar ta ji da kunnenta. Ziyara ta gaba za a tarbe ka da fara'ar baki da ƙofofi a rufe, ka ce an canza maka, alhali kai ka koya musu.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa, don kamar yabo take. Ya sayi mota, ga firiji, ga na'urar sanyi a ɗaki, kullum da nama. Uwa tana faɗa ne don daɗi, da ɗan son kishiya ta ji. Ba ta san motar bashi ce ba, ba ta san naman nan saboda ita aka saya ba, wataƙila bayan tafiyarta sai an yi mako ana jan wake. Kafin wata ya ƙare, wannan ya kira yana neman kuɗin taki, wancan zai turo ɗansa ya zauna ya yi karatu, wata tana da biki. In ya ce babu, a ce ya yi arziki ya manta da dangi, ai uwarsa ce ta faɗa da bakinta. Ta ɗora masa kayan da ba ta ga nauyinsu ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wannan ba ya nufin a dawo a yi gum. "Lafiya lau, suna gaishe ku" ba ƙarya ba ce, sutura ce, kuma bayanta akwai labari mai yawa da ya halatta, wanda ma shi ne abincin zumunci. Ƙaramar ta fara haƙori. Babban ya shiga izu na biyar. Mai sunan Inna ta iya dama fura, ta ce a gaida akuyarta. Ruwa ya yi yawa a unguwarsu bana amma bai shiga ɗaki ba. Mai neman manyan al'amura zai ce wannan surutu ne, ni kuwa ina ganin da irinsa ne yaron da aka haifa a Yamai yake zama ɗan gida a Tasawa tun bai taɓa zuwa ba, har in ya zo a tare shi da "kai ne mai tsoron zakara?" Haka shi ma tsohon, labarin da zai kai can ya zaɓa: gero ya yi kyau, an gyara rufin masallaci, wance ta haihu, wane ya rasu a yi masa addu'a. Ba lallai ne ya juye wa ɗansa rigimar gado da ƙorafin ƴan uba a daren farko ba, ya bar shi da baƙin cikin da ba zai iya magancewa daga nisan kilomita 600 ba.

Saura tsawon zama. Hadisi ya sanya liyafar baƙo kwana uku, kuma Imamu Gazali a cikin Ihya ya kawo a ladubban baƙo cewa kada ya zaɓa wa mai gida abin da zai wahalar da shi, kuma kada ya fita sai da yardarsa. Wannan iyaka ba ta hau kan iyaye ba, ɗa ba ya ƙirga wa ubansa kwana, kuma in tsufa ko ciwo ya sa dole su dawo hannunsa gaba ɗaya, wannan wani babi ne, haƙƙinsu ne ba alfarma ba. Amma mai lafiya da ya zo gani da ido, ya lura da wanda ya bar masa gado ya koma tabarma a falo, ya lura da surukar da kunya ta hana ta sakewa a tsakar gidanta tun ranar da ya sauka. Gara ya tafi ana cewa "Baba, da ka ƙara ko kwana ɗaya." Idan ya zo fita, ya kira surukar ya sa mata albarka da bakinsa a gaban mijinta, ya ambaci wani abu takamaimai da ta yi masa, ko da ruwan alwala ne da ta riƙa ɗumama masa da asuba. Ya dafa kan jikoki. Ya yi wa abincin gidan addu'a, ko burodi da shayi ne.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayenmu, albarkar Annabi (S.A.W).